Sharaɗi na Bakwai

Ɗaki guda na kama a Titin Bauchi,
saman shagon mai gyaran fanka.
Tebur na aro, kujera biyu, ɗaya gurguwa
kamar mai ofishin.
Na rubuta suna a allo da shuɗin fenti,
ruwan Jos bai jira ya bushe ba,
harafin ƙarshe ya zubo har kan bango.

Ni ma na yi gudu, shekara sha tara ke nan.
Wani mai ƙaton agogo ya miƙo mini takarda
a bakin fili, ina haki, gumi na ɗiga kan layin sa hannu.
Ban karanta ba. Wa ke karatu da numfashi a maƙogwaro?
Shekara uku hotona na tsaye a Taminus,
yana murmushi da kwalbar lemo,
ni kuwa ina wucewa ƙarƙashinsa da sanda,
gwiwa ta kumbura kamar kabewa.
Ladana katan biyu. Mun sha, har maƙwabta sun samu.

Kangyang ce ta fara hawo matakalata.
'Yar aji biyu a jami'a,
tana fita da asuba, sanyi na yankan kunne,
ta nufi hanyar Shere ta dawo kafin lacca.
Ta ɗora takalmanta a tebur, ba ta ce uffan ba.
Na ƙirga ɗinki sha ɗaya, da facin tayar keke.
Uwarta na sayar da dankali a Farin Gada.
Buhu nawa ke sayen takalmi?
Muka fara lissafi, muka bari.

Na je banki, aka ce manaja ya fita.
Kamfanin waya suka ce in aika wasiƙa Abuja.
Mai otel ya tambaya ko tana da mabiya,
na ce da yawa, duk a bayanta suke ƙare tsere.
Bai yi dariya ba.

Wanda ya saurara Alhaji Sahabi ne,
mai gidan burodi a Gangare, fulawa har gira.
Ya ce, "Sunana a ƙirjin riga, kullum burodi biyar."
Na ce, "Alhaji, ba a biyan kuɗin makaranta da burodi."
Muka yi ta ja kamar masu cinikin akuya
har shayi ya huce sau biyu.
Ya yarda da kuɗi duk wata, takalmi duk zango.
Da ya kai sharaɗi na bakwai sai ya cire tabarau:
"In ta ji rauni in ci gaba da biya wata shida?
Wa ke zuba mai a motar da ke gareji?"
Ban yi musu ba.
Na naɗe ƙafar wando.
Ya daɗe yana kallo, tanda na huci a bayansa.
Ya ce huɗu. Na ce biyar.
Ya sa hannu, fulawa ta bar yatsansa a gefen takarda.

Ita kuwa na hana ta biro
sai da ta karanta da ƙarfi, layi bayan layi,
har ƙananan rubutun da ke ɓuya a ƙasa.
Ta tsaya a wani wuri ta ɗago kai:
"Kashi goma naka ne?"
Na ce haka ne.
Ta ce, "Takwas."
Na ji zafi a aljihu, na ji sanyi a wani wurin.

Ranar Asabar ta zo ta uku.
Alhaji ya yi ihu har hularsa ta faɗi,
ya raba burodi ga waɗanda suka riga ta ma.

Yau wani dogo, Tanimu, ɗan ƙwallon kwando,
ya sunkuyo ta ƙofa, ya gwara kai da allo.
Na ba shi kujera mai lafiya,
na zauna a gurguwar,
na ce ya fara daga layin farko.